Noman latas mai taushi a gida, daga zuba iri har zuwa yanka

Latas ɗin da nake nufi ba wannan mai ƙullewa tam ɗin nan ba ne mai ƙaras-ƙaras a baki, ba kuma dogon nan mai tsayayyen ganye ba. Akwai wani mai faffaɗan ganye, laushi luɓus, in ka murza shi tsakanin yatsunka sai ka ji santsi kamar an shafa masa mai, kansa yana dunƙulewa amma sako-sako, waje kore cikin kuma ya ɗan yi ruwan ɗorawa. A jikin fakitin iri sunan da za ka gani shi ne Butterhead, ko kuma sunan wani daga cikin danginsa irin su Boston da Bibb da Buttercrunch da Tom Thumb. Wannan shi ne ya fi dacewa mutum ya noma da kansa, dalili kuwa ba ya jure wahalar ɗauka da saukewa, kafin ya iso hannun mai saye ganyen ya sha matsa ya yi yaushi, amma wanda ka yanko a bayan ɗakinka da safe wani abu ne daban wallahi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu shiga aikin: taushin nan daga saurin girma yake zuwa. Latas ɗin da ya tashi ya yi ta girma ba tare da komai ya tsayar da shi ba, ba ƙishi, ba zafi mai yawa, ba cunkoso, shi ne mai laushi da ɗanɗano. Duk ranar da ya sha wuya kuwa sai ka ji ta a bakinka, ganyen ya yi kauri ya yi ɗaci. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanyoyin hana shi shan wuya ne kawai.

Zaɓen iri da lokaci

Idan wurin da kake yana saurin ɗaukar zafi to Buttercrunch nake ba da shawara, jami'ar Cornell ta Amurka ce ta fitar da shi, har ya ci lambar yabo ta iri a 1963, kuma har yanzu masu lambu suna riƙe da shi saboda ya fi 'yan uwansa jinkirin fitar da kara, wato miƙewa sama don yin fure, in rana ta matsa. Bibb tsohon iri ne, sunan wani John Bibb na jihar Kentucky ya ci wanda ya rene shi tun a ƙarni na 19, kansa ƙarami ne ga daɗi, sai dai fa ba shi da haƙuri da zafi ko kaɗan. Boston ya fi girman kai da hasken ganye. Tom Thumb kuma ɗan mitsitsi ne, kai ɗaya cin mutum ɗaya, shi ne na masu shuka a tukunya ko bokiti.

Latas ɗan sanyi ne, wannan ba abin musu ba ne. Inda ya fi jin daɗi shi ne tsakanin digiri 15 zuwa 20 na ma'aunin Salsiyas, yana jure ɗan sanyin da ya fi haka sosai, amma da zarar rana ta fara wuce digiri 25 zuwa 27 kullum, musamman in dare ma bai huce ba, to ya fara tunanin fure ke nan ya bar maganar ganye. Saboda haka ka duba shekararka, ka nemo watanni biyu zuwa uku da suka fi sanyi-sanyi ba tare da ƙanƙara ba, ka lissafa baya. Daga zuba iri zuwa cikakken kai yawanci kwana 55 zuwa 75 ne gwargwadon iri da yanayi, to ka tabbata kwanakin nan sun ƙare kafin zafi ya kankama. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, su yi komai daidai amma sun makara da wata guda.

Wuri da ƙasa

Yana son rana amma ba ta wuni guda ba in garin da ɗumi. Awa huɗu zuwa shida na hasken safe, sannan inuwa ta rufe shi da la'asar, wannan ya yi daidai. Idan kuma lokacin sanyi ne sosai ka ba shi rana duka ba komai. Gefen katanga da ke fuskantar gabas ko kusa da wata shuka mai tsayi da za ta kare shi daga ranar yamma duk wurare ne masu kyau.

Saiwar latas ba ta zurfi, yawancinta tana cikin santimita 15 zuwa 20 na sama, don haka duk gyaran da za ka yi a saman nan ne. Ka tone ƙasar, ka farfasa hoge, ka tsince duwatsu da saiwoyin ciyawa, sai ka shimfiɗa ruɓaɓɓen taki kaurin santimita 3 zuwa 5 ka cakuɗa su sosai. Ƙasar da ake so ita ce wadda in ka jiƙa ta ka dunƙula a hannu za ta kama, in ka ɗan taɓa ta da yatsa kuma ta warwatse. In ta zama tabo mai danƙo ruwa zai kwanta gindin ya ruɓe, sai ka ɗaga kunya ko ka yi fangali mai tudu ka ƙara taki, in kuma yashi ne zalla ruwan zai zurare kafin saiwa ta sha, shi ma maganinsa takin ne. Masu abin gwajin tsamin ƙasa su nemi pH tsakanin 6 zuwa 7.

Maganar taki akwai abin da ba a wasa da shi. Latas ɗanye ake ci, ganyensa kuma a kan ƙasa yake zaune, saboda haka ɗanyen kashin dabbobi ko na kaji bai da wuri a nan, yana ƙona saiwa sannan yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da wanki kaɗai ba lallai ya fitar ba. A ƙa'idar noman da ba a sa sinadari ta Amurka ma kwana 120 aka sa tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da yake taɓa ƙasa, ka ga ya ninka rayuwar latas ɗin kusan sau biyu. Takin da ya ruɓe ya yi baƙi, ba wari sai ƙamshin ƙasa, shi za ka sa.

Mai shuka a mazubi ya nemi wanda zurfinsa ya kai santimita 15 zuwa 20, ya huda gindin da kyau. Baƙin roba yana ɗaukar zafi fa, in rana na dukan gefensa saiwar dahuwa take yi, ka naɗe shi da buhu ko ka jera su kusa da juna su yi wa juna inuwa.

Zuba iri

Irin latas ƙanana ne, sirara, iska ma tana ɗaukarsu daga tafin hannu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne binne su. Suna son haske kafin su tsiro, don haka rufin da bai wuce rabin santimita ba ya isa, ni ma dai kawai barbaɗa su nake a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa in danna da tafin hannu su manne, sai in yayyafa ɗan tankaɗaɗɗen taki sama-sama yadda har kana iya hango wasu. Ka jiƙa ƙasar kafin ka zuba, ba bayan ka zuba ba, don in ka kwarara ruwa daga baya duk sai ya kwashe su ya tara a lungu ɗaya. Bayan nan feshi kawai ko buta mai ƙananan huji, safe da yamma, kar saman ya bushe ko sau ɗaya har su fito. In yanayi ya yi daidai cikin kwana 4 zuwa 10 za ka ga 'yan kunnuwa biyu-biyu sun leƙo.

To ga wani abu da yake rikita mutane, su zuba iri mai kyau sabo fil amma shiru, su ce an cuce su. Sau da yawa ba laifin irin ba ne. Idan zafin ƙasa ya haura wajen digiri 27 zuwa 30 irin latas barci yake yi, ya ƙi tsirowa sam har sai an samu sanyi. Dabarar ita ce ka zuba da yamma rana ta faɗi, ka yi ban ruwa da ruwa mai sanyi, ka yi masa rumfa, don awoyin farko bayan ya sha ruwa su ne masu muhimmanci, in ya same su a sanyin dare ya wuce wurin. Ko kuma ka naɗe irin a jiƙaƙƙen tishu ka sa a firji kwana ɗaya ko biyu kafin ka shuka. Firji na ce, ba firiza ba.

Za ka iya zubawa kai tsaye a inda zai zauna, ko ka yi reno a tire ko ƙananan kofuna ka dasa daga baya. Ga irin wannan mai yin kai ni na fi son reno, saboda tiren kana iya ɗauke shi ka kai inuwa, tsuntsaye da dodon koɗi ba su samunsa da sauƙi, kuma kowane tsiro kana dasa shi daidai inda kake so. Ƙwaya biyu ko uku a kowane rami, in sun fito ka bar mai ƙarfin ka datse sauran da almakashi, kar ka tuge don kar ka girgiza saiwar wanda ka bari. Ka ajiye tiren inda haske ya wadata, in ka ga tsiron ya yi dogon wuya fari siriri yana karkata gefe ɗaya to haske ne bai ishe shi ba.

Kuma don Allah kar ka juye fakitin duka rana ɗaya. Kai talatin da suka nuna a sati guda ba gidan da zai cinye su, rabi za su yi kara kana kallo. Kaɗan-kaɗan duk bayan sati biyu, haka za ka yi ta yanka har lokacin ya wuce.

Dashe

Bayan sati uku zuwa huɗu, in ya yi ganyen gaske uku ko huɗu banda kunnuwan farko, ya isa dashe. Wanda aka rena a cikin ɗaki ko inuwa sosai a fara fito da shi yana shan rana da iska kaɗan-kaɗan kamar na sati guda ya saba. Ka dasa da yamma ko ranar da gari ya lumshe, ka jiƙa tiren tukuna don ƙasar ta fito a dunƙule da saiwar, ka riƙe shi ta ganye ba ta wuya ba, ganye in ya yage wani zai fito amma wuya in ya murje shi ke nan.

Zurfin dashen a kula da shi. Daidai inda ƙasa ta tsaya masa a tire nan za ta tsaya a fangali, wurin nan da ganyayyaki suke fitowa a gindi kar ƙasa ta rufe shi, in ka nutsar da shi ruɓewa zai yi. Tazara santimita 25 zuwa 30 tsakaninsu ga manyan iri, Tom Thumb kuma 15 ta ishe shi. Na san in ka gama dasawa wurin zai yi maka kama da ɓarnar fili, 'yan tsiro tsilli-tsilli ga ƙasa fayau, zuciyarka za ta ce ƙara wasu a tsakani. Kar ka biye mata. Nan da wata guda ganyen zai haɗe, in sun cunkushe ba za su dunƙule ba, iska ba za ta ratsa ba, cuta ta samu wurin zama. Wanda ya zuba kai tsaye shi ma haka zai yi ta ragewa har tazarar ta kai, waɗanda ka cire kuma ba zubarwa ake ba, ana cin su.

Ban ruwa, nan ne aikin yake

In an ce in zaɓi abu ɗaya da yake raba latas mai daɗi da mai ɗaci to ruwa ne, kuma ba yawansa ba, daidaitonsa. Kusan lita 25 a kowace murabba'in mita a sati shi ne ma'aunin da ake farawa da shi, a raba shi kashi-kashi, a ƙara in ƙasar mai yashi ce ko ana iska mai busarwa, na tukunya kuma kusan kullum ne wani lokacin ma sau biyu. Amma ma'aunin da ya fi duka shi ne yatsanka, ka cusa shi zuwa gaɓar farko, in ka ji danshi da sanyi bar shi, in ka ji bushewa ba shi. Abin da latas ya tsana shi ne yau a bar shi ya yi yaushi ya kwanta, gobe a zo a cika shi da ruwa don a rama, zai miƙe kam amma ya riga ya riƙe abin.

Da safe ake ba shi, kuma a gindi, ba a saman kai ba. Irin wannan latas ɗin ganyensa a lanƙwashe yake yana tara ruwa a ciki, in ya kwana a jiƙe sai ka wayi gari da ruɓa ko wata farar fumfuna a bayan ganye da tabon rawaya a samansa. Da zarar tsiron ya kama ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya ko ɓawon hatsi ko busasshen ganye a tsakaninsu, ka ɗan bar fili kewaye da wuyan, wannan shimfiɗar tana riƙe danshi, tana sanyaya ƙasa, tana danne ciyawa, sannan tana hana ƙasa fallatsa cikin ganye wanda duk mai wanke latas ya san ciwon kan da ke ciki. Ciyawar da ta fito da hannu za ka cire, fartanya tana yanke saiwa tunda a sama take.

Idan ka gyara ƙasa da kyau tun farko ba ya buƙatar wani ƙarin abinci mai yawa. Sati biyu zuwa uku bayan dashe in ka ga ganyen ya koɗe girma ya yi sanyi, ka ba shi ɗan taki mai naitrojin, na ruwa da aka sirka sosai ya fi, a gefe ba a jikin ganye ba. Kar ka zaƙe, yawansa yana kumbura ganye ya yi ruwa-ruwa ƙwari su yi caa a kai.

Akwai wata matsala da wannan irin ya fi sauran fama da ita, ka ga kai lafiya lau daga waje, ka buɗe ciki ka tarar bakin ƙananan ganyen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Ba rana ce ta ƙona shi ba, ba kuma ƙwaro ba ne, sinadarin kalsiyam da shuka ke sha daga ƙasa ne bai isa wurin ba. Kuma yawanci ba wai babu shi a ƙasar ba, a'a, ruwa ne yake ɗaukarsa zuwa ganye, manyan ganyen waje da suke shan iska su suke janye ruwan, na ciki da suke a lulluɓe sai su samu kaɗan, in aka haɗa da zafi da ban ruwa na ganin dama da taki mai yawa da ya sa shi girma a guje sai abin ya bayyana. Don haka barbaɗa ɓawon ƙwai ba zai yi maka komai ba a nan, ka daidaita ruwa, ka yi inuwa, ka ba su tazara.

Masu cin rabonka

Dodon koɗi da ɗan uwansa marar kwanso su ne na gaba, da dare suke fitowa, alamar su huji a ganye da wani layi mai sheƙi a ƙasa. Ka fita da tocila bayan duhu ka tsince su, ko ka kifa katako a jiƙaƙƙen wuri da safe ka ɗaga za ka same su a ƙasansa. Ƙananan ƙwarin nan kore masu tsotsar ruwan ganye kuma a bayan ganye da can cikin kai suke taruwa, ka riƙa ɗaga ganye kana leƙawa, in ka kama su da wuri feshin ruwa mai ƙarfi ya isa. In ka tashi ka ga tsiro a kwance an yanke shi daidai wuya, tsutsa ce, tona gefen kaɗan za ka gan ta a nannaɗe, kofin roba da aka cire wa gindi aka zagaye tsiron da shi yana tare ta. Tsuntsaye kuma raga ce maganinsu. Maganin feshi mai guba ni dai ban ga amfaninsa a abin da za ka ci ɗanye nan da 'yan makonni ba.

In zafi ya zo maka ba shiri ka kafa rumfa da ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 50 na rana, ka ɗaga ta sama yadda iska za ta wuce. Tana ƙara maka kwanaki, ba ta hana abin da zai zo.

Yanka

Tun yana wajen wata guda kana iya fara tsinkar ganyen waje, ɗaya ko biyu a kowane gindi, ka bar tsakiyar ta ci gaba. Amma in cikakken kai kake so ka rage yawan tsinkar, ganyen wajen nan su suke ciyar da na cikin. Kai ya nuna in ganyen tsakiya sun lanƙwaso sun rufe juna, ka ɗora tafin hannu ka ɗan danna a hankali ka ji ya cika amma yana lotsawa. Kar ka zauna jiran ya yi tauri, wannan irin ba ya yi, masu jira su ne suke ƙarewa da ɗaci. Gara ka yanka da kwana biyu kafin lokaci da ka makara da kwana biyu.

Alamar makara kuwa a bayyane take, tsakiyar da take a shafe sai ta fara tsini tana miƙewa sama, ganyen ya fara ɗaurewa jikin wani kara, in ka karya ɗaya farin ruwa mai kauri ya fito da yawa. Ranar da ka ga ɗaya ya fara haka ka yanke duk sa'o'insa, don su ma suna hanya.

Da sassafe ake yanka kafin rana ta taɓa shi, lokacin ganyen ya sha ruwa ya cika. Wuƙa mai kaifi, ka ɗaga ganyen ƙasa ka yanke daidai saman ƙasa, ka cire waɗanda suka lalace a nan take. In ka bar kututture kamar santimita 2 zuwa 3 ka ci gaba da ba shi ruwa zai sake tofo 'yan ganye, ba zai ƙara yin kai ba amma ana samun na ci ɗaya ko biyu in da sauran sanyi.

Kar ka bar shi a rana ko na minti goma, kai shi inuwa. Wanda za a ci yanzu a ware ganyen a tsoma a babban kwano na ruwan sanyi mai tsabta, a motsa a hankali a bar ƙasa ta kwanta, a tsamo ganyen sama maimakon a tsiyaye ruwan ta kansa, a sake har ruwan ya fita fes, sannan a tsane shi sosai. Wanda za a ajiye kuma kar a wanke, a naɗe shi da tishu ko ƙyalle mai tsabta a sa a leda ba a ɗaure tam ba, a sa a aljihun kayan lambu na firji, yana kai wa kamar sati. A nisanta shi da tuffa da ayaba da tumatir, suna fitar da iskar etilin da take sa masa ɗigo-ɗigon tsatsa a jijiyar ganye. In ya ɗan yi yaushi minti 15 zuwa 30 a ruwa mai sanyi sosai yana dawo da shi.

Mai son ajiye iri ya bar gindi ɗaya ko biyu, kuma ya zaɓi wanda ya fi kyan kai ya fi jinkirin yin kara, ba wanda ya riga kowa ba, in ba haka ba saurin karan za ka gada. Zai miƙe ya yi ƙananan furanni rawaya, bayan sati biyu zuwa uku su koma farin gashi-gashi, sai ka lanƙwaso kan cikin jakar takarda ka karkaɗe, ka maimaita bayan 'yan kwanaki tunda ba tare suke nuna ba. Latas da kansa yake yi wa kansa barbara, shi ya sa irin yakan fito kamar uwarsa, sai dai in a fakitin an rubuta F1, wato irin da aka samu daga haɗa iri biyu daban. Ka shanya a inuwa ya bushe ƙarau, ka murje ka bushe ƙaiƙayin, ka zuba a kwalba mai murfi ka rubuta suna da shekara, ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu.